Asabar: Gidan Makama da maganar zaurenmu

Yau na cika wa su Auta alkawari, na kai su Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano. Baba Ƙarami ya ce ƙafarsa ƙafarmu, Yaya kuma ya kai mu a mota. Tun hantsi rana ta buɗe, amma muna sa ƙafa a soron farko sanyi ya ratsa mu, ba fanka ba komai, kaurin katangar tubali ne kawai. Yara suka ruga wajen tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, shi kuwa Baba ya ɗaga kai sama ya tsaya cak.

Ya ce, "'Yar nan, dubi bakan gizon can. Azara ce a cikinsa, ta giginya, wadda gara ba ta ci. Gajeru ne, ana ɗora wata kan wata ana ɗaurewa, kowacce ta ɗan zarce 'yar uwarta, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa." Yana faɗa yana kwatantawa da yatsunsa da aikin gini ya lanƙwasa. Da muka fito ya shafa bango, ya shiga ba ni labarin makuba, yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a cuɗa da ƙasa don kada ruwa ya ci yaɓe. Rabon da in ga fuskarsa ta saki haka har na manta.

Ana cewa a gidan nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463 ya gina fadar da ke kallonsa yanzu. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka mai da shi ofis, daga baya wani sashe ya zama makaranta. A 1959 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana a taɓa. Duk wannan ya wuce ta kan gidan yana tsaye.

A hanyar dawowa ne Yaya ya ɓata mini rai. Wai bayan salla za a rushe zauren gidanmu a yi shaguna na bulo. Na ce, "Haba Yaya, yanzun nan fa muka fito daga ina?" Ya ce, "Ke, wancan hukuma ke riƙe da shi. Namu wa zai riƙe? Duk shekara sai yaɓe, indararo ya toshe rufi ya jiƙe, maginan ƙasa kuma sai an yi cigiya." Baba bai ce uffan ba, ya juya yana kallon titi.

Abin da ya fi damuna shi ne Yaya ba ƙarya ya yi ba. Damina biyu aka tsallake gyara, zanko guda ya riga ya zube. Amma a zauren nan aka ɗaura auren Inna, a nan aka raɗa mana suna dukkanmu. Babu dokar da ta san da shi, sai mu.

Auta ya ɓatar da hularsa. Tuwo da miyar kuka. Wuta shiru tun la'asar.

Bayan isha'i na sami Baba, ya ce akwai wani tsohon yaronsa a cikin gari da har yanzu yake ginin ƙasa. Gobe in sha Allah zan sa a kira shi ya zo ya duba, ya faɗi kuɗin gyara, in riƙe lissafin a hannu kafin zaman gida na ranar Juma'a.