Ɗan hankakan da ya mutu a gindin maɗacinmu

Kukan hankaka ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake yi da sassafe in zai wuce ta saman kwano ya nufi bola ko mayankar Tudun Wada, a sake, ba gaggawa. Akwai wani gurnani na cikin maƙogwaro da mace da namiji suke yi wa juna in suna reshe ɗaya, wanda sai kana kusa za ka ji. Akwai kuma na shirwa: da ta gilma kusa da sheƙa sai su taso mata su biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta baya, ba za su ƙyale ta ba sai sun raka ta ƙetaren titi. Ni mai kiwon tantabara ne a Malali, cikin garin Kaduna, kuma mai tantabara dole idonsa ya saba da sama. A nan na koyi bambance waɗannan muryoyi.

Akwai wani tsohon maɗaci a bayan katangarmu. Can ƙololuwarsa wasu hankaki biyu suka yi sheƙa da ƙirare, suka haɗa da guntayen waya da tsummoki. Tun muna yara ake ce mana hankaka ba ya ƙwai, 'ya'yan wasu yake sata ya rena, shi ya sa ake cewa "hankaka mai da ɗan wani naka". Gaskiyar ita ce yana yin ƙwai, huɗu ko biyar galibi, masu launin kore-kore da ɗigo-ɗigo. Macen takan kwanta a kansu kwana 18 zuwa 19, 'ya'yan kuma su yi wajen mako shida kafin su bar sheƙa. Amma kakanninmu ba banza suka yi maganar ba. Akwai wani tsuntsu mai doguwar jela da tukku, masana suna kiransa Clamator glandarius, wanda yake faki idon hankaka ya saka ƙwansa a sheƙarsa ya gudu. Hankaka ya ƙyanƙyashe, ya yi ta ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba. Wanda ya hango haka daga ƙasa zai ce sata ce, alhali hankakan aka yi wa wayo.

A farkon daminar bana 'ya'ya biyu suka fito daga sheƙar maɗacin nan. Ɗaya ya riga ɗan'uwansa ƙarfin fiffike. Ɗayan kuwa ya sauko ƙasa, yana ɗan tsalle daga gindin bishiya zuwa kan tarin bulo, jelarsa gajera, farin ƙirjinsa bai gama washewa ba. Yaran unguwa suka so ɗauka, na hana. Ɗan hankaka yakan yi 'yan kwanaki a ƙasa ko a ƙananan rassa kafin ya iya tashi sosai, kuma iyayensa suna nan suna kawo masa abinci. Na sha ganin uwar ta sauko da wani abu a baki, shi kuma ya buɗe nasa jajir yana kaɗa fukafukai. Lafiyarsa ƙalau a ganin ido.

Wata safiya muna dawowa daga sallar asuba na ji kukan da ban taɓa ji ba. Mai kaushi ne, ba tsayawa, kuma ba bakin tsuntsu biyu ba ne. Hankaki sun cika maɗacin, wasu a kan wayar lantarki, wasu a kan katanga, wasu kuma suna ta isowa daga wajen Unguwar Rimi. Duk kawunansu ƙasa suke kallo. Ɗan hankakan yana kwance a gefe ɗaya, ya mutu.

Na nufi wurin, sai Baba mai gadin gidan da ke kallonmu ya ɗaga mini hannu.

"Malam, dakata. Kada ka taɓa shi yanzu, suna kallonka."

"Baba, me zai faru in sun gan ni?"

"Za su ce kai ne. Kuma ba sa mantuwa."

Muka tsaya daga nesa. Can sai hayaniyar ta lafa, suka yi tsit na ɗan lokaci, sannan suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya. Iyayen ne kawai suka rage. Ranar ba su sauka a gindin bishiyar ba ko sau ɗaya, ko da yake nan ne suka saba tsintar abin da aka zubar.

Abin da Baba ya faɗa, masu bincike sun gwada shi. A Jami'ar Washington da ke birnin Seattle a Amurka, John Marzluff da ɗalibansa sun sa wata fuskar roba suka kama hankaki a 2006, suka sa musu alama a ƙafa suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sa fuskar nan ya ratsa harabar jami'ar sai hankaki su bi shi da tsawa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Daga baya ɗalibarsa Kaeli Swift ta yi wani gwajin da aka wallafa a 2015. Ta saba wa hankaki da abinci a wuri ɗaya, sannan ta sa wani ya zo ya tsaya a wurin da mataccen hankaka a hannu. Suka taru suna kuka, suka yi kwanaki suna ɗari-ɗari da abincin wurin, kuma wasunsu suka riƙe fuskar mutumin har mako shida. Da aka yi wa tantabaru irin wannan da gawar 'yar'uwarsu, ci gaba da cin hatsinsu suka yi. Wannan kam na gani da idona a ɗakin tantabaruna. Hankakin Amurka baƙi ne wuluk, ba irin namu mai farin ƙirji ba, amma dangi ɗaya ne, kuma abin da na gani a maɗacin nan bai saɓa da bayaninsu ba. A ganin masu binciken, taron da hankaki suke yi a kan gawar ɗan'uwansu bincike ne: me ya kashe shi, a ina, wa yake kusa, domin kowa ya kiyaye. Hakan bai hana a ce akwai ɗacin rashi a ciki ba. Wanda ya ga yadda uwar ta yini tana sauka reshe na ƙasa tana leƙe ba zai yi saurin musun haka ba. Kuma ina tsaye a wurin ayar Suratul Ma'ida ta faɗo mini, inda Allah Ya aiko hankaka yana tono a ƙasa don ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa.

Sai bayan magariba, da suka tafi makwancinsu, na fito da tocila da leda biyu a hannu. Na juya shi a hankali. Babu jini, babu gurbin haƙorin kyanwa, gashinsa bai tuje ba. Fukafukan duka lafiya, wuyansa bai karye ba. Na duba ƙafafun ko akwai ƙuna irin ta wayar lantarki, babu. Na shafa ƙirjinsa ta cikin ledar: tsuntsun da yunwa ko doguwar cuta ta cinye, ƙashin ƙirjinsa yakan fito tsini, wannan kuwa da tsokarsa cike. Dutsen danƙo ma yakan bar kumburi ko karaya. Abu ɗaya na lura da shi, cikin bakin nan da na saba gani jajir ya koma fari fat.

Wani likitan dabbobi da yake duba mini tantabaru ya ce abin da yake kashe tsuntsu mai ƙiba ba tare da rauni ba, yawanci ko guba ne ko cuta mai saurin kisa, kuma ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai yake raba gardama. Maganar cuta ba wasa ba ce a jiharmu. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a duk nahiyar Afirka, kuma a wata gonar kaji ce a Jaji, nan kan hanyar Zariya. Hankaka yana cin mushe, don haka in aka zubar da matattun kaji a bola, yana cikin na farko da za su kwasa. Akwai kuma ƙwayar cutar West Nile da sauro yake yaɗawa, wadda aka fara ganowa a Yuganda a 1937. Da ta isa New York a 1999, hankakin da suke faɗowa matattu a tituna suna cikin abin da ya fara ankarar da hukumomi. Sai dai annoba ba ta cika ɗaukar ɗaya ta bar saura ba. Ɗan'uwansa yana nan, iyayen suna nan, kajin maƙwabta da tantabaruna babu wanda ya yi ko atishawa.

Zatona ya fi karkata ga maganin ɓera. Damina tana shigowa ɓeraye suke cika gidaje, kowa ya je ya sayo abin da zai barbaɗa a bayan buhu. Akwai mai kisa nan take, akwai kuma wanda yake hana jini daskarewa, ɓera ya yi kwanaki yana zubar da jini ta ciki kafin ya fito fili yana layi. Irin wannan ɓeran shi ne nama mafi sauƙin kamu ga uwar da take da baki biyu a jiranta. Mu kuma da safe sai mu ɗauke mushen da tsinke mu wulla bayan katanga, daidai inda ɗan hankakan yake zama. Abin yana ci mini rai, domin tsuntsun da yake kwashe mana ƙazantar kwata da ta mayanka, yanzu da ungulu ta yi wuyar gani a garin nan, shi muke kashewa ba mu sani ba. Kyanwa ma tana cin ɓeran nan, kaza tana tsattsagarsa, yaro mai rarrafe yana wasa a wurin.

Na haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, na binne shi da ledar, na wanke hannu da sabulu. Likitan ya ce in aka ga tsuntsaye biyu ko uku sun mutu a wuri ɗaya cikin 'yan kwanaki, kada a binne, kada yara su taɓa, a sanar da ofishin likitocin dabbobi na jiha, su ne suke aika samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ranar Juma'a bayan an sauko na yi wa mutanen layinmu maganar. Gida huɗu sun yarda su koma tarko, wanda kuma ya ce shi sai magani, ya yi alkawarin zai riƙa binne mushen. Baba mai gadi ne ya ɗauki nauyin duba bayan katangar kowace safiya kafin ya tashi daga aiki.