Sai a hawa na biyu na ga Bauchi daga kan Warinje

A Bauchi aka haife ni, kuma tun ina ƙarami idan na ɗaga kai gabas Dutsen Warinje nake gani, amma sai da na haura shekara 30 ƙafata ta taka shi. Karon farko ni kaɗai na je, cikin Janairu, da hantsi, silifas a ƙafa, ruwan leda ƙwaya ɗaya a aljihu. Da ƙyar na kai sama, na juya in kalli gari, sai fari fat. Hazo ya rufe komai. Ina jiyo hon ɗin motoci da ƙarar Keke Napep daga ƙasa, amma ko hasumiya ɗaya ban hango ba. Na dawo gida da fasasshen leɓe da ƙarangiya a wando.

Da na ba Kawu labari sai da ya yi dariya har da hawaye. "Ɗan nan, wa ya aike ka hawan dutse da hunturu? Bari ruwa ya ɗauke in kai ka."

Farkon Nuwamba muka koma, ana idar da sallar asuba. Shi ya riƙo sanda, da gorar ruwa, da dabino a aljihun riga. Ni kuma na ɗauro kambas mai ƙasan roba, don na riga na gane silifas ba abin hawan falalen dutse ba ne. Muna fara hawa na wuce shi, har ina waiwaye ina cewa, "Kawu, a taimaka maka ne?" Bai tanka ba. Ba a yi minti 20 ba ya same ni zaune ina haki, zuciya kamar za ta faso ƙirji. Ya miƙo mini dabino biyu ya ce in kurɓi ruwa kaɗan, kada in kwankwaɗa.

Daga nan na koma bayansa ina kallon yadda yake yi. Ba ya miƙe wa dutsen kai tsaye, sai ya karkata dama, ya karkato hagu, taku gajere gajere. Kafin ya sa ƙafa cikin ciyawa sai ya kaɗa ta da sanda, domin da kaka ciyawa ta yi tsawo, kuma ba a san abin da ke kwance ciki ba. Hannu ma ya hana ni zurawa cikin tsagar dutse. Inda raɓa ta jiƙa falale ya yi baƙi, sai mu kewaye, santsinsa kamar an zuba miyar kuɓewa.

Rana na fitowa ta bayanmu muka kai sama, haskenta ya sauka kan garin gaba ɗaya. Nan na yi shiru. Tsohon gari a cure yake, rufin kwano ya haɗe da rufin kwano, lunguna kamar zare, hasumiyoyin masallatai sun tsaya a tsakani. Can gaba kuma itatuwa sun fi gidaje yawa, ka san ka fita cikin gari ke nan. Kawu ya riƙa bin garin da bakin sandarsa: nan wajen fada, can Wunti, ga filin wasa, ta can kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wanda aka kashe a 1966. Ya zana mini a iska inda ganuwa ta bi, yana kiran ƙofofi: Ƙofar Ran, Ƙofar Wase, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wambai. Ni da nake ratsa wuraren nan kullum a kan babur, sunan unguwa kawai na ɗauke su. Daga sama na ga ashe zobe ne.

Tun a firamare aka gaya mana Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa garin a 1809, kuma an ce wani maharbi Baushe ne ya ba shi shawarar ya zauna yamma da wannan dutse, shi ya sa gari ya ci sunansa. Haddacewa na yi don jarrabawa. A tsaye a wurin kuwa ba sai an yi maka bayani ba: dutse ya tsare maka baya, kuma mutum ɗaya a nan sama zai hango ƙurar dawaki tun suna nesa. Maharbin nan ya san abin da yake faɗa.

Na so mu daɗe, Kawu ya ce a'a, ƙarfe tara na yi dutse zai fara ɗaukar zafi. Saukowar ce ta ba ni kashi. Gwiwoyina suka kama rawa, yatsun ƙafa na dukan bakin takalmi, tsakuwa na gangarewa ƙarƙashina. Ya ce in juya a kaikaice, in ɗora nauyina a dunduniya, in daina kallon gari in kalli inda zan taka. Wani falale dai da jan gindi na sauke shi, wando ya yage ta baya, shi kuwa dattijo yana ƙasa ya dogara sanda yana jirana.

A hanyar gida na ɗaure rigar sanyina a ƙugu muka tsaya wajen mai masa. Kwana uku bayan nan, duk ruku'u sai na ji Warinje a cinyoyina.