Na ga ƙafafun wel a hamadar Fayyum

Daga Alƙahira zuwa kwarin Wadi al-Hitan kusan kilomita 150 ne ta kudu maso yamma. Da asuba muka tashi, muka bi gefen tafkin Ƙarun, muka wuce ƙauyen Tunis na masu ginin tukwane, muka shiga gandun Wadi Rayyan. Daga nan sai rairayi da duwatsun da iska ta sassaƙe, har direba ya tsaya gaban wasu gine-gine masu tuluwa, launin ƙasar wurin.

Da ƙafa ake zagaya kwarin. An shata hanya da ƙananan duwatsu, kuma ba a yarda a tsallake ba. Can na hango wani abu a jere kan yashi kamar turame an kwantar. Da na matsa sai na ga ashe ƙashin bayan dabba ne, gaɓa bayan gaɓa. Basilosaurus ke nan, tsohon nau'in wel (ƙatuwar dabbar nan ta teku mai siffar kifi) da tsawonsa ke kai mita 18. Ya rayu kimanin shekara miliyan 40 da suka wuce, lokacin da wani tsohon teku mai suna Tethys ya rufe wannan wuri. Har bawon kawa da haƙoran kifin shak ana gani a ƙasa.

A gidan tarihin da aka buɗe a 2016 na fi daɗewa. Can kusa da wutsiyar Basilosaurus ɗin da ke ciki akwai ƙafar baya da ba ta wuce santimita 60 ba, amma da cinyarta, da ƙoƙon gwiwa, da idon sawu, har da yatsu. Na durƙusa ina ƙirga su. Ƙugun bai haɗe da ƙashin baya ba, don haka ko taku ɗaya ba za ta iya yi a tudu ba. Philip Gingerich na Jami'ar Michigan ne ya tono irin waɗannan ƙafafu a nan a 1989, kuma yana ganin wajen barbara kaɗai suke da amfani.

Wani ɗalibin Azhar da muke tare ya ce mini, Malam, anya ba wata dabba ce daban ba, tunda wel ba shi da ƙafa? Tambayar ta dace, amma shaidun cewa kakannin wel dabbobin tudu ne masu ƙafa sun yi yawa. Wel da huhu yake numfashi, yana shayar da ɗansa nono. A Pakistan an samu Pakicetus, mai ƙafa huɗu, da ya rayu kusan shekara miliyan 50 baya, ƙashin kunnensa irin na wel. A 2001 kuma aka ga idon sawun tsoffin wel iri ɗaya ne da na akuya da tunkiya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna dorina, wadda muke da ita a kogin Neja, ita ce 'yar'uwar wel mafi kusa a yau. Wel na yanzu ma yana ɗauke da guntun ƙashin ƙugu binne cikin tsoka.

UNESCO ta sa kwarin cikin kayan tarihin duniya a 2005, kuma ya cancanta, domin ƙasusuwan a fili suke, iska na cinsu, tayar mota ɗaya ta isa ta murƙushe su. La'asar ta yi, muka yi salla a kan yashi, direba na matsa mana mu kama hanya kafin duhu.