Maki goma sha ɗaya

Talata, bayan sallar isha.

Yau ban je aiki ba. Tun makon jiya na roƙi wata abokiyar aikina ta musanya min rana, don maigida ya ce in ba tare za mu je ba, shi ba inda za shi. Na san halinsa sarai: in abu ya ɓata masa rai sai ya naɗe shi ya jingine, ya ce ya bar wa Allah. To wannan karon abin da yake shirin jinginewa fanshon shekara ashirin ne, kuma ni ma da guminā a ciki.

Ya shiga sojan ko-ta-kwana na Amurka a 1999. Ba irin sojan da ke zaune a bariki ba ne. Yana tuƙa motarsa ta haya a nan Bronx, ƙarshen mako ɗaya a kowane wata ya saka kaki ya tafi atisaye, sau ɗaya a shekara kuma su yi na mako biyu. A 2004 aka kwashe su zuwa Iraƙi, ya bar ni da goyo. A 2019 ya ajiye kaki, yana ƙirga shekara ashirin da yatsunsa. Muka zauna jiran wasiƙar da ake aiko wa duk wanda ya cika, wadda ke cewa in ka kai shekara 60 za ka fara karɓar fansho. Shiru. Ya ce aikin gwamnati ne, sai haƙuri. Korona ta zo ta wuce, shiru. Sai bara da na matsa masa ya nemi takardar makinsa, muka ga shekara 19 aka lissafa masa.

Ashe su ba da yatsu suke ƙirga ba, da maki suke. Na haddace lissafin yanzu kamar karatun allo. Kasancewarka cikin rundunar kaɗai maki 15 ne a shekara. Atisayen Asabar da Lahadi maki 4. Kowace rana ta cikakken aiki, irin atisayen mako biyun nan ko zuwa fagen daga, maki ɗaya. Shekarar da ba ta kai maki 50 ba, ba ta shiga lissafin fansho, ko da 49 ka samu. Kuma shekarar tasu ba daga Janairu take farawa ba, daga ranar da ka shiga aikin take.

Shekarar da ta faɗi ita ce wadda Baba ya rasu, 2009. Maigida ya nemi izini ya tafi Zariya, ya daɗe saboda rabon gado, atisaye shida kacal ya samu. Shida sau huɗu 24, a haɗa da 15, ya zama 39. Abin da ke rubuce ke nan. Amma na rantse ya yi atisayen mako biyu a bazarar nan, don ni na wanke kakin da ya dawo da shi, jar ƙasa har cikin aljihu. Kwana 14 ne, da an saka su da 53 ke nan. Wani akawu a ofishin rukuninsu, ko wanene shi, bai shigar ba. Rukunin ma an daɗe da rushe shi an haɗe da wani.

Bayan asuba na jawo jakar Bakkon nan daga saman kabad. Shekara nawa ana yi min dariya a kanta a gidan nan. Yara suna ce mata ma'adanar Mama, shi kuma duk tashin da za mu yi sai ya ce, "Hajiya, don Allah ki zubar da shirgin nan, kyankyaso kawai yake tara mana." Na zazzage ta a tsakar falo. Rasiɗin haya, katin rigakafin yara, wasiƙun da ya riƙa aiko min daga Iraƙi, waɗanda ban tsaya karantawa ba don kar in ɓata safiyar da kuka. Can ƙasa, cikin wata leda ɗaure da roba da ta narke ta manne, ga takardun albashinsa na soja a jere. Na lasa yatsa ina buɗewa wata bayan wata. Ta Yulin 2009 tana nan, gefenta ya yi rawaya, da tabon shayi a kusurwa, amma kuɗin kwana 14 ɗin a rubuce raɗau. A bayanta kuma, naɗe gida huɗu, takardar umarnin da ta tura shi atisayen, da kwanan watan tafiya da na dawowa.

Na miƙa masa ban ce komai ba. Ya saka tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Ikon Allah." Na ce, "Ikon Allah da shirgin kyankyaso." Bai tanka ba, sai ya tashi ya ɗora min ruwan shayi, abin da rabonsa da yi har na manta.

Ƙarfe goma muna ofishin wata ƙungiyar tsoffin sojoji, inda ake taimaka wa mutum da cike takardu kyauta. Wani dattijo ne baƙar fata, ya yi yaƙin Biyetnam, yana jin magana da kunne ɗaya. Ya baje takardun a tebur, ya ɗauki ta albashin da yatsu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya ce yawancin masu zuwa wurinsa da baki kawai suke zuwa, kuma baki ba ya gyara fayil, domin ƙa'idar ita ce ana ɗaukar abin da ke rubuce a matsayin daidai har sai kai ka kawo hujjar da ta rushe shi. Ya ba mu labarin gobarar 1973 a ma'adanar takardun sojoji da ke Sen Luwis, wadda ta cinye fayil wajen miliyan 16 zuwa 18, ya ce tun daga nan ya koya wa 'ya'yansa kar su yar da takarda mai hatimin gwamnati. Na kalli maigida. Ya kalli silin.

Dattijon ya raba mana abu biyu da muke ta cakuɗawa. Zuwansa Iraƙi, tunda cikakken aiki ne da umarnin gwamnatin tarayya, shi ya ba shi takardar sallama DD 214, kuma da ita yake zuwa asibitin tsoffin sojoji. Wannan ba abin da ya taɓa shi. Fansho a shekara 60 da inshorar lafiyar Tricare, wadda ni ma zan shiga ciki, su ne suka rataya a kan shekara 20 masu cikakken maki. Maigida ya tambaya ko zaman Iraƙin zai rage masa shekarun jira, don ya ji ana cewa kowane kwana 90 na rage wata uku. Dattijon ya girgiza kai: dokar ta fara ne da aikin da aka yi bayan 28 ga Janairun 2008, nasa ya riga ta. Wannan ta yi masa ciwo, na gani a fuskarsa.

Fom ɗin shi ne DD 149, wanda ake aika wa hukumar gyaran bayanan sojan ƙasa a Arlintin, jihar Bajiniya. Fararen hula ne ke zama a kai, kuma galibi ba sa kiran mutum, takardunsa suke karantawa. Doka ta ba da shekara uku daga ranar da ka gano kuskuren, ko da yake suna iya ɗaga ƙafa in adalci ya buƙaci haka. Shi ya sa dattijon ya sa muka rubuta dalla-dalla ranar da takardar makin ta iso hannunmu bara, muka haɗa da ambulan ɗin da ta zo ciki. Shi ma yana cikin Bakko.

Inda aka kai ruwa rana shi ne gurbin da ake rubuta gyaran da ake nema. Maigida ya zo da shafi uku da ya rubuta daren jiya, ya fara tun daga zafin Iraƙi, da abokinsa da bai dawo ba, da yadda aka yi masa sakayya da wulaƙanci. Dattijon ya karanta har ƙarshe, ban ga ya tsallake layi ba. Sannan ya ninke ya mayar masa, ya ce wannan na jikokinka ne, ka adana. Abin da ya sa aka rubuta bai wuce layi uku ba: a ƙara maki 14 na atisayen Yulin 2009, a mayar da shekarar cikakkiya, a fitar da wasiƙar shekara 20. Ni a raina na so a bar ko sakin layi ɗaya na shafi ukun nan, don gaskiya ce tsagwaronta. Amma na fahimci mutumin. Wanda zai karanta yana da tarin fayil a gabansa, so yake ya ga me ake nema, ina shaidarsa.

Ya ce mu nemi kwafin bayanan biyan albashi daga ofishin kuɗin sojoji da ke Indiyanapolis don ƙarin ƙarfi, kuma in akwai wanda suka yi atisayen tare, ya rubuto shaida ya sa hannu. Akwai wani sajan ɗan Fotoriko da suke gaisawa a Facebook. Batun lokaci kuwa, doka ta ce a gama kashi 90 cikin 100 na ƙorafe-ƙorafe cikin wata 10, sauran kuma kar su wuce wata 18. Maigida yana da shekara uku kafin 60, da sauran fili.

Mun yi kwafi bibbiyu a shagon ɗan Yaman na ƙasan layinmu. Na hana a saka na ainihi a ambulan, ko ɗaya. A gidan waya na biya kuɗin aikawa mai rasiɗi, wanda sai an sa hannu a can. A jirgin ƙasa muna dawowa ya yi shiru tun daga tashar farko, sai da muka kusa sauka ya ce, "Da Baba ya san tafiyar nan za ta ci min shekara guda, da cewa zai yi in zauna." Na ce ba tafiyar ce ta ci ba, biron wani ne. Ya ce haka ne.

Yanzu yana falo yana rubuta wa sajan ɗin saƙo, yana tambayar autarmu yadda ake rubuta wata kalma. Rasiɗin gidan waya da shafi ukun nasa na saka su a sabuwar leda, na mayar cikin Bakko. Ɗazu da zan ɗaga ta saman kabad ya ce in bari, ya karɓa ya ɗora da kansa. Gobe aikin safe gare ni, ƙarfe shida.