Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: An Sayar da Gidana Ina Kwance a Ciki

Makon jiya mun tsaya a inda wani yaro ya kawo mini wasiƙar lauya har rumfata a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe, wai in kwashe iyalina daga gidana na Jekadafari domin bankin da na jinginar wa gidan na karɓi rance ya yi gwanjonsa, ya zama na wani. Masu tambaya ko banki ya gargaɗe ni kafin nan, ku biyo ni a hankali.

Bayan sallar isha'i na tafi wajen Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage mana a manya. Ya sa jikansa ya karanta wasiƙar ya fassara masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Gobe da sassafe sai kotun alƙali. Kuɗin ruwa haramun ne. Babu alƙalin da zai bari a raba ka da gidanka a kan riba."

Na ce, "To Baffa, Allah ya kai mu." Ba a yi wa Baffa musu. Amma da gari ya waye na lallaɓa shi muka fara biyawa ta ofishin wani lauya a kan titin Bauchi, wanda shugaban 'yan kasuwarmu ya yi mini kwatancensa.

Yaro ne, da kaɗan ya girmi ɗana na fari. Ya rusuna ya gaida Baffa, ya saurare shi har ya gama. Sai ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce ta fuskar addini. Sai dai gidan Alhaji yana cikin gari, takardarsa ta gwamna ce. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce rigimar irin wannan fili Babbar Kotun Jiha ce ke jin ta. In mun je kotun alƙali, lauyoyin banki za su ce ba ta da hurumi, mu ɓata watanni, kafin mu dawo hanya an riga an juya takarda zuwa sunan mai saye."

Baffa ya ce, "Wato dokar Nasara."

"Ita ce, Baba. Kuma tsohuwa ce ƙwarai. Jinginar gida a nan Arewa har yau da dokar Ingila ta 1881 ake auna ta."

Baffa ya girgiza kai. Ni kuwa abin ya ba ni mamaki. A ce dokar da aka rubuta tun Turawa ba su ci ƙasar nan ba, tun Gombe tana Gombe Abba, ita za ta yanke inda 'ya'yana za su kwana.

Na kawo masa maganar da ake ta yi mini a kasuwa tun jiya, cewa in babu sa hannun gwamna a kan jingina to ta rushe, kowa ya kama gabansa. Ya yi murmushi ya ce kowane mai bashi da wannan yake shigo masa. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta taɓa rushe wata jingina a kan haka a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da wani mutum Ajilo. Amma daga baya wasu kotuna sun ƙi sakar wa wanda ya karɓi kuɗi ya ci, alhali shi ne doka ta ɗora wa neman izinin, sannan ya dawo yana fakewa da rashinsa. Ya buɗe kwafin yarjejeniyata ya nuna mini hatimi. Tawa ma da izinin a jiki. Wannan ƙofa ta rufe.

Sai ya gyara zama ya ce, "Alhaji, tambaya uku zan yi. Sun aiko maka da takardar neman biya?"

"Ko ɗaya, Barista."

Ya ce dokar 1881 ɗin ta ba wanda ake bi bashi wata uku bayan an rubuto masa kafin a sayar, sai fa in kuɗin ruwa ya kwana wata biyu ba a biya ba, ko ya karya wani sharaɗi. Bankuna sun san wannan, shi ya sa yawancinsu ke soke wata ukun a cikin yarjejeniya, a wancan ƙananan rubutun da ake cewa "sa hannu nan, sa hannu nan". Nawa bankin ya rage shi ne zuwa wata ɗaya, amma ya ɗaure kansa da cewa sai ya rubuto mini a adireshina. Ni kuwa takarda ta farko da ta iso hannuna ita ce ta kora.

"An yi shelar gwanjo?"

Na ce ban ji ba, maƙwabtana ba su ji ba, mai unguwa bai ji ba. Ya ce dokar masu gwanjo ta hana a buga fili sai an yi aƙalla kwana bakwai ana sanar da jama'a, a garin da filin yake. Ku da kuka san Jekadafari, ku gaya mini yadda za a yi shelar gida kwana bakwai matan unguwa ba su ji ba.

"Ta uku. Nawa suke binka, a lissafinka?"

A nan ne bakina ya yi nauyi. Na karɓi naira miliyan 6 a 2015 na sayi wake da masara na ajiye. A 2016 naira ta faɗi, komai ya tashi, banki ma ya ɗaga kuɗin ruwansa. Na ci gaba da biya duk da haka, har na tabbata a raina abin da ya saura bai kai miliyan ɗaya ba. Su kuma a wasiƙar sun ce ya haura miliyan 4. Barista ya ce kotu ba ta aiki da abin da ke raina, sai takarda.

Da na koma gida na gaya wa uwargida. Ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaka ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. Duk rasit ɗin banki da na taɓa mantawa a aljihu, in ta zo ba da wanki, sai ta cire ta ninke ta jefa a ciki. Ita ba ta yi boko ba, tambarin bankin kawai ta gane. Ta ce, "Alhaji, takardar da aka buga wa hatimi ai ba ta shara ba ce." Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa sanin tana wannan ajiya ba.

Barista ya rubuta wa banki ya nemi cikakken bayanin asusuna tun ranar farko. Sai da suka ja ƙafa kafin su bayar. Ya ɗauko wani akanta da ya taɓa aikin banki, suka baje rasit ɗin kwalla a tebur suna bi layi-layi. Biya biyu manya da yarona ya zuba a wani reshe, lokacin kakar wake, ba su shiga asusun bashin ba sam. Da ba su shiga ba sai na'ura ta ɗauke ni wanda ya yi latti, ta hau ɗora tara, tarar ma tana haihuwa. Ga kuma wasu kuɗaɗen hidima da suka wuce abin da Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade. Akantan ya ce Babban Bankin yana da sashen kare masu ajiya, kuma yakan tilasta a mayar wa mutum irin wannan kuɗi, bayan ka fara kai kuka bankinka ka jira mako biyu. Barista ya ce da ba a sayar da gidan ba da ta nan za mu bi, amma yanzu ba mu da mako biyun.

Na ɗauka da wannan shi ke nan, gida ya dawo. Na faɗa masa haka har ina dariya. Bai yi dariyar ba.

"Alhaji, gara ka ji daga bakina. Dokar nan tana kare mai saye. In ya saya da zuciya ɗaya, bai san da wata ƙura ba, kotu ba za ta ƙwace daga hannunsa don banki ya yi kuskure ba. Abin da za ta ba ka diyya ce daga banki, da rarar kuɗin gidan bayan an cire bashin gaskiya."

Na ce, "Barista, dillalai sun taɓa taya gidan nan miliyan 15, su sun ba da shi a 7."

"Araha kaɗai ba ta rushe ciniki, sai in ta yi munin da ke nuna cuta. Abin da ke rushe shi shi ne haɗin baki. Banki ba ya sayar wa kansa, kuma in wanda ya shirya cinikin ne ya zagaya ya saya da sunan wani, magana ta canza."

Ni ba kuɗi nake so ba. A gidan nan mahaifiyata ta cika, a zaurensa aka ɗaura auren 'yata. Amma na lura lauyan da ya gaya maka abin da ba ka so tun ranar farko ya fi wanda zai yi ta karɓar kuɗin mota yana ce maka nasara na nan tafe.

Muka shigar da ƙara a Babbar Kotu, na yi rantsuwa a gaban magatakarda, aka haɗa da roƙon gaggawa cewa kada a fitar da ni, kada kuma a juya takarda sai an gama shari'a. Mai shari'a ya ce kowa ya tsaya inda yake, a kai wa banki da mai saye sammaci. Baffa ya zo da kansa, ya zauna a bencin baya, bai fahimci kalma ɗaya ba, amma da muka fito ya sa wa Barista albarka.

Ana nan sai Barista ya aika yaronsa ma'aikatar filaye ya binciko fayil ɗin gidan, don a ga wa aka nema wa izinin gwamna. Da la'asar ya kira ni ya ce in bar abin da nake yi in zo. Ya miƙo mini takardar. Sunan mace ne, ban san ta ba. Sai na dubi adireshin da ta bayar. Na san gidan, a Tumfure yake. Ni da kaina na taɓa sauke buhun shinkafa biyu a ƙofarsa ana jibi Sallah, na kai wa jami'in bankin da ya cika mini takardun rance.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.