Zanen ƙwayoyi ne ya nuna min abin da ɗalibaina suka fahimta da gaske

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, kuma gaskiya maganar daskararre da ruwa-ruwa da gas ba ta da wuyar hadda, yara za su kawo maka ma'anar tiryan-tiryan, amma ka tambaye su me yasa iska take matsuwa ruwa ba ya matsuwa sai aji ya yi tsit. Shi yasa na koma zanen ƙwayoyi, wato ƴan da'irori a cikin akwati masu wakiltar ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, kuma ba ni nake fara zanawa ba, su nake sa wa su zana tukunna kafin in ce komai.

Daskararre ba matsala, kowa yana jera da'irorin layi-layi a manne. Gas ma haka, a warwatse. Rigimar tana wajen ruwa-ruwa. Kusan duk ajin suna barin giɓi mai faɗi tsakanin ƙwayoyin, kamar dai ruwa rabin hanya ne tsakanin daskararre da gas, alhali ba haka ba ne, ƙwayoyin ruwa suna taɓa juna, tsarin ne kawai ya wargaje suna zamewa ta gefen juna. To a nan nake fito da sirinji guda biyu marasa allura, ɗaya da iska ɗaya da ruwa, in ce su toshe bakin da yatsa su danna. Na iskar yana shiga, na ruwan ko motsi. Sai in ce to ku duba zanenku, in da wannan giɓin yana nan ai da ruwan ya matsu, kuma da kansu suke gogewa su sake. Daga nan nake gaya musu ruwa in ya zama tururi a digiri 100 yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na da, don su ji irin tazarar da ke cikin gas wadda takarda ba za ta iya ɗauka ba.

Akwai tambayar da nake matuƙar so, menene a tsakanin ƙwayoyin gas ɗin? Amsa ɗaya ce kullum, iska malam. Sai in ce ita iskar ba ƙwayoyi ba ce? Wallahi wannan wajen yana ɗaukar lokaci, don zuciya ba ta son yarda cewa babu komai a wurin, kuma ba na gaggawa a kai ko da zai cinye darasin ranar. Wasu kuma suna zana ƙwayoyin gas manya-manya wai zafi ya kumbura su, maganin wannan shi ne kowa ya zana da'irorinsa ta hanyar zagaye murfin kwalba ɗaya a duka akwatunan uku, girma ba ya canzawa sai tazara da motsi.

Da muka zo elament (abu mai atom iri ɗaya kawai, atom kuwa shi ne ƙwayarsa mafi ƙanƙanta) da kampawun (atom iri daban-daban da suka haɗu suka zama sabon abu) da cakuɗa (abubuwan da aka gauraya kowa yana nan yadda yake) sai launi ya shigo, kowane irin atom da launinsa. Dabarar ba sabuwa ba ce fa, John Dalton tun 1808 yake wakiltar atom da da'irori masu alama daban-daban. Tarkon da ke kama yara shi ne oksijin, da'ira biyu masu launi ɗaya a manne, suna gani sai su ce kampawun ne tunda an haɗa. A'a, iri ɗaya ne, elament ne. Sai in zana akwati biyu, ɗaya haidurojin biyu-biyu da oksijin biyu-biyu suna yawo kowa harkarsa, ɗayan kuma kowane oksijin ɗaya riƙe da haidurojin biyu. Launuka iri ɗaya ne a duka, amma na farko cakuɗar gas ce mai saurin kamawa da wuta, na biyu ruwa ne. Garin ƙarfe da salfa, wato farar wuta, ma yana taimakawa sosai, kafin a dumama maganaɗisu yana zare ƙarfen tsaf, bayan an dumama sun haɗu sun zama sabon abu ba ka iya raba su ta haka. Ita kuma iskar da muke shaƙa ina sa su zana ta da ƙwayoyi kamar 100, naitirojin 78 oksijin 21, da yawansu a nan suke fara sanin oksijin ba shi ne mafi yawa ba.

Zanen yana da iyakarsa kuma ina faɗa musu ƙarara. Ba ya motsi, don haka muna sa ƴan layuka na karkarwa a daskararre da kibiyoyi a gas. Ƙanƙara tana yawo a saman ruwa saboda ƙwayoyinta sun fi na ruwa tazara, ta saɓa wa zanen da muka saba. Gishiri ma ba biyu-biyu yake zaune ba, jeri ne mai maimaituwa na sodiyam da kulorin.

Yanzu a gwaji ba na cewa a kawo ma'ana kaɗai, ina ba da akwatuna shida a cakuɗe in ce kowa ya rubuta menene wannan da dalilinsa a layi ɗaya, kuma rabin makin yana kan dalilin.