Kifin roba a ruwan Lagdo: fizga, dakatawa da zaɓen kayan fatsa

Masuntan Binuwai sun gaji taru da birgi da mamari, shi ya sa idan suka ga mutum a bakin tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru yana jefa ɗan kifin roba yana fizgarsa, sukan ɗauka wasa yake yi. Irin wanda nake magana a kai shi ne siririn nan mai ɗan leɓe a gaba da ƙugiyoyi masu baki uku, wanda ake kira jakbet. Asalinsa tsoho ne, domin a 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa irinsa na farko ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli irin wadda ake naɗe cakulan da ita, kuma har yau kamfanin Rapala yana ƙera su.

Wannan kifin ba ya aiki da kansa, hannun mai fatsa ne yake ba shi rai. Bayan an jefa, sai a sunkuyar da kan sanda wajen ruwa, a fizga sau biyu ko uku, sannan a saki zare ya yi sako-sako a dakata. A fizgar yakan karkata dama da hagu kamar kawara da ta ji rauni, amma a lokacin dakatawar ne giwan ruwa da tsage suka fi kai hari. Yawancin masu koyo a nan suke yin asara, saboda hannunsu ba ya haƙurin tsayawa. Da hunturu, sa'ad da ruwa ya yi sanyi kifi ya rage kuzari, nakan tsawaita dakatawar har in ƙirga biyar, kuma na fi son irin da yake tsayawa a tsakiyar ruwa, ba ya tasowa ba ya nutsewa. Da damina kuwa, in Binuwai ta yi ja da laka, kifi ba ya ganinsa sosai, gara a jira ruwa ya kwanta.

Sanda mai tsawon kusan mita 2 ta isa, muddin kanta yana da ƙwari, domin mai laushi tana shanye fizgar. Zaren fatsa saƙaƙƙe ya fi nailan a wannan aiki tun da ba ya miƙewa. Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne guntuwar waya tsakanin zare da kifin roba. Haƙoran tsage suna datse nailan nan take, kuma wanda ya duba jikin kifin roban da tsage ya kama zai ga fenti ya kankare, ga ramuka jere a gefensa. A zaɓi waya siririya mai tsawon taƙi ɗaya, saboda mai kauri tana nauyaya gabansa ta hana shi karkatawa.

Ƙugiyoyin da suke zuwa da masu arha na kasuwar Garwa sukan miƙe idan babban giwan ruwa ya ja zuwa cikin duwatsu ko kututturan da ruwa ya rufe tun da aka kammala madatsar ruwan Lagdo a 1982. A ganina, wanda kuɗinsa kaɗan ne ya sayi mai arha, ya canza masa ƙugiyoyi da zobba masu ƙarfi, ya fi ya sayi mai tsada ya ɗaura a zaren da ba shi da waya. A kuma riƙe filaya mai dogon baki don cire ƙugiya, domin tsage yana cizo ko bayan an ɗora shi a cikin jirgi.